Karatun aikin jarida: Wa zai ba da labarin Boɗinga da Shagari?

A watan Afrilun 2022 kwale-kwale ya kife a Gidan Magana da ke ƙaramar hukumar Shagari, mutum 29 suka rasu, akasarinsu yara da matasa da suka fita neman itacen girki. Labarin ya karaɗe duniya kwana biyu, daga nan aka yi shiru. A Mayun 2023 kuma aka sake yin irin wannan rashi a Dandeji, duk a Shagari. Tsakanin haɗarin farko da na biyu, wa ya koma bakin ruwan ya tambayi inda aka kwana a kan batun rigunan ceto da lodin da ya wuce ƙima?

Wannan tambaya ce ta sa nake ganin ya kamata iyaye a Boɗinga da Shagari su daina kallon karatun aikin jarida a matsayin kwas ɗin wanda ya rasa gurbi. Rediyon Rima da NTA da Vision FM da Garkuwa FM duk a birnin Sakkwato suke. Idan abu ya faru a ƙauye, sau da yawa ta waya wakili ke jin ta bakin wani jami'i, ya rubuta, ya wuce. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma ɗan gari ne ke iya komawa bayan wata shida ya ga ko an cika alkawari.

Hanyar karatun ba ta da nisa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da ke Sakkwato tana da sashen koyar da aikin jarida. Tsarin irin waɗannan kwalejoji shi ne shekara biyu a ƙaramar difloma, shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, sai shekara biyu a babbar difloma. Hukumar NBTE mai kula da su ta raba babbar diflomar gida uku: aikin jarida, shirya fim da bidiyo, da kuma sadarwa ta hulɗa da jama'a da talla.

Sai dai a faɗa wa yara gaskiya. Ni ma babbar difloma gare ni, kuma ba ta zo da takardar ɗaukar aiki ba. Gurabe a gidajen rediyo kaɗan ne, albashin ma ba mai yawa ba ne. Abin da ke ciyar da irinmu shi ne iya rubuta Hausa mai tsabta, ɗaukar murya da hoto da waya, tace su, da tantance labari kafin a sake shi. Mai wannan ƙwarewa zai iya aika wa jaridun intanet rahoto, ko ya yi aikin wayar da kai kan rigakafi, ko ya shirya wa 'yan kasuwa talla.

Saboda haka akwai aiki a gaban kowa. Kwalejoji su ba aikin jarida da Hausa muhimmanci, domin da ita ɗalibansu za su yi hira da manomi da mai fito. Su koya masu amfani da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 wajen bin diddigin kuɗin ƙananan hukumomi. Su kuma shugabannin ƙananan hukumomin biyu su ɗauki nauyin ɗalibai, musamman mata, waɗanda ke iya shiga gidajen da namiji ba ya shiga, ba tare da sharaɗin su dawo su zama 'yan amshin Shata ba.

Ƙasar da Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa yana karantarwa, Malam Abdullahi na Gwandu ya zauna a Boɗinga yana rubutu, bai dace a ce sai baƙo ya zo ake jin halin da take ciki ba.