Tsarabar Bindiga A Cikin Birnin Zariya

A 'yan kwanakin nan na ji muhawara fiye da sau ɗaya a tsakanin abokan aiki a kan wace ƙaramar bindiga ce ta fi dacewa mutum ya saya wa ɗansa ko ƙanensa don koyon saiti: ta iska ce, ko kuwa mai ƙaramin harsashin nan da ake kira .22? A ganina an soma gini ne daga rufi. Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne, a ina za a harba ta?

Duk wanda ya san Kwarbai ko Limancin Kona ko Unguwar Juma ya san yadda gidaje suke jingine da juna, katanga ɗaya ke raba tsakar gidan wani da ɗakin matar wani. Harsashin .22, da ake rainawa saboda kaurinsa bai wuce milimita 5.6 ba, yana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya. Ita kuwa ta iska, wadda ake gasar Olamfik da ita a tazarar mita 10, ƙwayarta ta isa ta tsiyayar da idon yaro. Bayan ganuwa ma, inda da can yara ke bin kurciya da danƙo, yau gidaje ne.

Sai kuma doka, wadda da yawanmu ba mu taɓa buɗewa ba. Dokar Makamai ta 1959 ba ta ɗauki bindigar iska a matsayin abin wasa ba. Ta jera ta ne tare da bindigogin farauta da ba a mallaka sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Ko bindigar toka ta maharba sai da izinin kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dokar ta kuma hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba. Ke nan uban da ya miƙa wa ɗan shekara 14 irin wannan kyauta, laifi ya naɗe masa a takarda mai ƙyalli.

Amma abin da ya fi damuna, a matsayina na ɗalibin harshe, yana cikin kalmar ce. Daga Larabci muka aro “bindiga”, kuma ta daɗe a bakinmu ba tare da ta tsorata kowa ba. Muna yara, in aka ce “ga 'yan bindiga nan”, da gudu muke fita zuwa ƙofar fada, domin ana nufin bayin Sarki masu cika gari da hayaƙin albarushi ranar hawan Sallah. Yau ka faɗi wannan jimla a Ƙofar Gayan da dare ka ga yadda za a watse, musamman tun bayan harin da aka kai Kwalejin Nuhu Bamalli a 2021. Kalma ba ta sauya ma'ana haka kawai. Idon jama'a ne ya sauya. Ɗan sintirin da ya hangi saurayi da dogon ƙarfe a kafaɗa bayan magariba ba zai tsaya auna bakin bututu ba.

Ba ina ƙyamar harbin nishaɗi ba ne. Wasa ne mai koyar da natsuwa da riƙe numfashi, kuma garin da ke da Daffon Soja tun 1924 da Makarantar Soja ta yara tun 1954 bai rasa masu koyarwa ba. Abin da za mu nema shi ne wurin yi. Ɗaki mai tsawon mita 15 da katanga mai kauri ya isa. Masu niyyar sayen tsarabar nan su haɗa kuɗin, su nemi sashen wasanni na Jami'ar Ahmadu Bello ko hukumar wasanni ta jiha a yi rajistar kulob: lasisi a hannun baligi, makullin ma'ajiya a hannun mai horarwa, yaro ya je ranar Asabar ya harbi takarda, ya dawo gida hannu rabbana.