Legas Zuwa Niyok: Awa 12 a Sama, Amma a Jirgin Wa?

Tsakanin Legas da birnin Niyok na ƙasar Amurka akwai nisan kilomita wajen 8,400, galibinsa bisa Tekun Atlantika. Jirgin da ya tashi daga filin Murtala Muhammed na Ikeja, in bai ya da zango ba, yakan sauka cikin awa 11 zuwa 12. Dawowa kuwa takan ragu da kamar awa guda, domin iskar can sama daga yamma take busowa, tana ingiza jirgi ta baya.

Watau kafin motar da ta ɗauki fasinja daga Agege ta isa Kano, tafiyar kilomita 1,000 da 'yan kai, mai zuwa Amurka ya riga ya sauka. Ashe nisa ba shi ne abin damuwa ba. Abin tambaya shi ne, jirgin wa ke yin wannan jigila?

A da, kamfanin Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958, yakan kai mutane Niyok da jirginsa samfurin DC-10. A 1993 Amurka ta dakatar da zirga-zirga tsakaninta da Legas saboda rashin tsaro a filin jirgin, ba ta janye ba sai 1999. A 2003 aka rushe kamfanin, bashi ya ci shi. Arik ya gwada daga 2009, ya tsaya a 2017.

Sakamakon haka ya fito fili a 2024, sa'ad da aka bayyana cewa tun 2022 hukumar jiragen saman Amurka ta cire Nijeriya daga sahun farko, matsayin da ta samu a 2010. Dalili kuwa shi ne an shekara biyu babu kamfanin ƙasar nan da ke sauka can. Hanya ta zama ta kamfanonin Amurka, irin su Delta da ya fara zuwa Legas daga Atlanta a 2007. Su ke yanka kuɗin tikiti, riba kuma ta bi su gida.

Mutanen Arewa su suka fi ji a jika. Kano, inda jirgin sama ya fara sauka a ƙasar nan a 1925, ba ta da jirgin da ke miƙewa Amurka. Ɗalibi ko majinyaci sai dai ya gangaro Legas, ya kwana wajen 'yan'uwa a Agege ko Idi-Araba, ko kuwa ya bi ta Alƙahira ko Adis Ababa, ya yi gabas kafin ya juyo yamma. Tafiyar rabin kwana ta koma kwana guda ko fiye.

Ya kamata gwamnati ta nemi komawa sahun farko, ta kuma ƙarfafa wa kamfanonin gida gwiwa su riƙe hanyar, kada su fara su bari. Zanen aro dai ba ya rufe katara.