Ƙauyen Cikin Labaranmu Ba Shi da Hawa, Ba Shi da Gangara



Tun ranar da muka saka hotunan tafiyar da muka yi a kan keke daga Kano zuwa Rano, muka zarce Rurum har Tiga, ba mu huta da shan magana ba. Wani ya ce talauci ne ya yi mana katutu muka sa masa suna yawon buɗe ido. Wata ta ce ai da mun yi magana da an haɗa mana kuɗin mota. Waɗannan duk mun yi dariya tare da masu dariya. Amma akwai wani da muke ganin girmansa a harkar rubutu, wanda ya ce wannan kwaikwayon Turawa ne kawai, kuma shi marubuci da alƙalami aka san shi, ba da taka feda ba. Wannan maganar ba za mu bar ta ta wuce ba, domin a cikinta ciwon da ke cin rubutunmu yake.

Ku ɗauko labarai goma cikin waɗanda ake turowa nan ko ake rabawa a WhatsApp, ku nemo inda aka kai jaruma ƙauye. Ƙauye ɗaya ne a cikinsu duka. Ciyawarsa kore shar ko da a watan Maris ne. Tsuntsaye na ta kuka, amma ba a san ko kurciya ce ko hasbiya ba. Akwai rafi guda, wanda ba shi da wani aiki sai 'yan mata su je ɗiban ruwa don ɗan mai kuɗi ya tsaya a mota ya ga ɗaya daga ciki. Ba a san ranar kasuwarsa ba, ba a san abin da ake nomawa ba, ƙasarsa kuwa shimfiɗe take kamar tabarma. Mutanensa iri biyu ne, ko dai wawaye da ake yi wa dariya don sun tsorata da fanka, ko bayin Allah marasa baki da ake tausaya wa. Ba wani muke nunawa da yatsa ba. Mu ma akwai wannan ƙauyen a labarin da muka rubuta muna shekarar farko a kwalejin kimiyya da fasaha, har yabo muka sha a kansa.

Ta tagar mota aka hango wannan ƙauye, shi ya sa ya fito haka. Wanda ke cikin motar da ke gudun kilomita 100 a awa ɗaya, kore kawai yake gani da launin ƙasa suna wucewa. Ba ya jin hawa, domin inji ne ke hawa ba shi ba.

Mu huɗu muka tafi, cikin watan Nuwamba, ana tsakiyar kaka. Biyu a kan kekuna masu giya na gwanjo, biyu a kan irin na da masu kariya, su ma aro. Mun fita bayan sallar asuba. Mafi munin ɓangaren tafiyar shi ne titin Zariya, inda tireloli ke wucewa ta gefenka iskarsu na neman kayar da kai. Da muka karya a Karfi muka ɗauki hanyar Bunkure sai duniya ta canja. Nan ƙasar noman rani ce, ga hanyoyin ruwa da aka gina, ga shinkafa ana yanka ana bugu. Daga Kano zuwa Rano kusan kilomita 60 ne, abin da mota ke cinyewa kafin ka gama sauraron labarai da sharhinsu a rediyo, mu sai da rana ta take muka shiga gari. Tun kafin Rano duwatsu suke fara leƙowa, daga nan zuwa Rurum kuwa sai su kewaye ka, wani a kan wani kamar da hannu aka ɗora su. Ba tsaunukan Jos ba ne, kada mu cika baki. Amma hanyar ta daina zama miƙaƙƙiya, hawa ne da gangara, ka sauka ka sake hawa.

A wani hawa, biyu daga cikinmu suka sauka suna tura kekunansu suna haki. A nan muka cim ma wani magidanci shi ma yana tura nasa, da buhun dawa ɗaure a kariya da wani rabin buhu a tsakiyar keken. Jikinsa duk a karkace, kafaɗarsa ce ke riƙe da nauyin, ƙafarsa na neman wurin kafawa a cikin tsakuwa. Mu da ba mu ɗauko komai ba sai ruwa da kayan sawa muka ji kunyar hakinmu. Wannan mutumin duk ranar kasuwa sai ya hau wannan tudun. Daga ranar muka gane cewa a irin wannan ƙasa ba da kilomita ake auna nisa ba. Da muka tambayi wani dattijo hanya, cewa ya yi, "Samari, in kun hau tudu biyu kun sauka za ku ga tsamiya a hannun dama, to ku bar ta a bayanku." To marubucin da bai taɓa tura keke a hawa ba, yaya zai rubuta daren da naƙuda ta zo wa mace a irin wannan wuri, asibiti na bayan tudu uku, damina ta cinye hanya? Zai ce "aka garzaya da ita asibiti" ya wuce. A cikin wannan "garzaya" ɗin labarin gaba ɗaya yake, shi kuwa ya tsallake shi da kalma ɗaya.

Sai maganar harshe, wadda ita ta fi ba mu haushi. Muna ta kukan Hausa na mutuwa, muna faɗa a kan ko a rubuta "ƙ" da lanƙwasa, amma kalmomin ƙasa sun zube daga bakinmu ba mu ko lura ba. A wurinmu komai "daji" ne, komai "dutse" ne. Su mutanen da muka wuce sun bambanta tudu da jigawa, fako da fadama, kwari da kwazazzabo, ƙorama da rafi. Sun san falalen dutse inda mata ke shanyar barkono da kuɓewa. Sun san burtali, hanyar da aka bar wa shanu tsakanin gonaki, sun kuma san irin rigimar da ke tashi idan wani ya ci taku biyu daga cikinsa da garma. Ɗaya daga cikinmu ya nuna wata bishiya da ke fitar da sabon ganye alhali komai na bushewa, ya tambaya. Wani yaro ɗan shekara kamar goma ya dube shi da mamaki ya ce gawo ne mana. Gawo da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, shi ya sa manomi ke barinsa a tsakiyar gona, ba ya tare wa shuka rana, ga shi dabbobi na cin 'ya'yansa. Mu masu shiga gasar rubutu ba mu sani ba. Ku duba irin kwatancen da ke kwance cikin wannan bishiya ɗaya, mu kuwa muna can muna ta kwatanta fuskar jaruma da wata daren goma sha huɗu karo na dubu.

Wani zai ce duk wannan ana iya tambaya a waya ko a duba a intanet. Sai ka san akwai abu kafin ka tambaye shi. Kuma akwai maganar da ba a yi wa mai waya, ba a yi wa mai mota. Idan ka tsaya a ƙauye da mota, kallon da ake yi maka shi ne na me aka kawo mana, ko me aka zo karɓa. Idan ka zo a keke, ƙura har gira, tambayar farko ita ce daga ina, ta biyu kuma a miƙo maka ruwa. Ƙaya ta huda tayar ɗayanmu kafin Rurum, muka zauna wajen mai faci a gindin ɗorawa. Yana goge tif yana shafa sholisho, mutane uku na zaune a benci suna hirarsu kamar ba ma nan: tsadar taki, ɗan wane da ya tafi ci-rani Kudu wata biyar ba aike, auren da aka ɗaga sai an sayar da gyaɗa. Da ya gama muka tambayi kuɗinsa, sai ya ce, "Ku bar shi, ai ku baƙi ne." Sai da muka yi da gaske ya karɓa. A zaman da bai kai awa ɗaya ba mun ji yadda mutane ke magana in ba a sa musu rikoda a baki ba, gajerun jimloli, habaici, shiru a inda ya kamata. Ba su yi kama da ƙauyawan littattafanmu ba ko kaɗan.

Da muka isa Tiga muka tsaya a bakin ruwa. An kammala wannan madatsa a 1974, zamanin Audu Bako, kuma ruwanta ne muka gani a gonakin Bunkure, shi ne kuma a Kura da Kadawa. Kafin ruwan ya kwanta a nan akwai garuruwa da gonaki da maƙabartu, aka tashi mutanensu aka sake musu matsuguni. A can ƙasa kuma, wajen Haɗeja da Nguru, tare ruwan ya sauya yadda ambaliya ke zuwa wa masu noman fadama da masunta. Wani ya samu, wani ya rasa, duk a kan ruwa ɗaya. A cikin labaran da ke yawo tsakaninmu ba mu ci karo da wanda ya taɓa wannan ba, amma mun karanta tafiya Dubai ta fi a ƙirga, daga alƙaluman da ko filin jirgin Malam Aminu Kano ba su taɓa shiga ba.

Batun kwaikwayon Turawa kuwa, a yi mana adalci. A kan keke kakanninmu suka yi fatauci tsakanin kasuwanni, a kansa malaman makaranta da ma'aikatan En'e suka zaga ƙauyuka, har masana'antar Raleigh aka yi a Kano. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 ma'aikata da yawa sun kakkaɓe nasu sun koma kai. Abin da ya canja shi ne mu, da muka fara ganin mai keke a matsayin wanda bai ci gaba ba. Rainin da muke yi wa keke da rainin da muke yi wa baƙauye a rubutu uwarsu ɗaya. Rubuta labarin tafiya ma ba baƙo ba ne a adabinmu. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, Malam Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Su sun ƙetare teku sun kawo wa mai karatu rahoto. Mu Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, tana nan kusa da hancinmu, sai dai mu san ta a jarrabawa.

Akwai hujjoji biyu da muka yarda suna da nauyi. Na farko tsaro. Ba mu ce kowa ya ɗauki keke ya nufi dazukan Zamfara ko Birnin Gwari ba, mu kanmu ba mu yi gangancin zarcewa Falgore ba. Mun yi tambaya kafin mu fita, ba mu yi tafiyar dare ba, inda za mu kwana kuma sai da muka fara gaida mai unguwa muka faɗi ko mu su waye. Amma kada rashin tsaron wani yanki ya zama bargon da za mu lulluɓe lalacinmu da shi a ko'ina. Na biyu mata, waɗanda su ne mafi yawan masu rubuta labarai a tsakaninmu. Mun san budurwa ko matar aure ba za ta hau keke daga Kano zuwa Rano ba tare da ta sha surutu ba, ba kuma za mu yi kamar ba mu sani ba. Sai dai da yawansu sun riga mu, suna zuwa biki da suna a ƙauye, suna shiga cikin gida inda mu ba ma shiga, su kwana uku suna jin abin da ba za mu taɓa ji ba. Abin da ya rage musu shi ne su yarda cewa abin da suka gani a can ya isa a rubuta. Mazan cikinmu su ne ba su da ta cewa, kada su ɓuya a bayan mata.

Ba kuma muna cewa kwana uku a kan sirdi sun mai da mu masana karkara ba. Wanda aka haifa a Rurum zai karanta wannan ya ga kurakuranmu, muna kuma roƙonsa ya fito ya gyara mana, ya fi mu cancantar rubuta wurin. Abin da tafiyar ta yi mana shi ne ta nuna mana girman abin da ba mu sani ba. A hanyar dawowa iskar hunturu da ta tura mu lokacin tafiya ta dawo tana dukan fuskarmu, domin daga arewa maso gabas take busowa, abin da ba wanda ya yi lissafinsa a cikinmu. Ɗayanmu a Bunkure ya sallama, aka ɗaura kekensa a bayan mota. Shi ne kuma da ya isa gida ya goge babi na uku na littafin da yake rubutawa, wanda a ciki jarumarsa ta taka daga ƙauyensu zuwa birni cikin sakin layi ɗaya, ko ƙishirwa ba ta ji ba.

Saboda haka daga wannan mako, duk wanda ya turo labarin da ya faru a ƙauye yana neman gyara, kafin mu duba masa ƙa'idar rubutu za mu tambaye shi ranar da kasuwar garin ke ci, da bishiyar da ke ƙofar gidan jarumar, da abin da mutum zai hau ko ya gangara kafin ya kai bakin titi. Wanda ke son aron keke ya yi magana, guda biyu na nan, sai dai birkin ɗaya na baya ba ya kamawa sosai.