Mai Mota, Goge Fitilarka Ka Daina Kashe Mana Ido

Yau maganarmu da masu motoci ce, kuma mun san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Duk mai fita bayan isha'i, ko a hanyar Biu, ko ta Bauchi, ko ta Kumo zuwa Yola, ya san motoci iri biyu da suka addabe mu. Ta farko fitilarta ta yi rawaya kamar an shafa mata manja, haskenta bai fi na aci-bal-bal ba. Ta biyu kuwa farin haske take watso wa kowa a fuska, idan ta tunkaro ka sai hanya ta ɓace maka. Abin takaicin shi ne, sau da yawa ta biyun ita ce ta farkon. Mai ita ya ga ba ya gani da dare, maimakon ya nemi inda cutar take, sai ya tafi wajen mai rewaya a sa masa ƙwan LED, ko a ɗaura masa ƙarin fitilu a bamba. Ya sayi ganinsa da makantar da sauran jama'a.

To, ina cutar take? Murfin fitilar motocin yanzu ba gilashi ba ne, roba ce mai ƙarfi da kamfani ya shafa wa wani siririn ruwa mai kare ta daga rana. Zafin rana irin namu na Gombe yana cinye wannan kariya a hankali, ƙurar hunturu tana karce ta, sai robar ta yi hazo ta koma rawaya. Yawancin motocinmu kuma na hannu ne, sun sha shekaru kafin su iso mu. A shekarar 2018 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada irin waɗannan fitilu, ta gano haskensu bai wuce kashi 22 cikin 100 na sabuwa ba. Ka tuna motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowane daƙiƙa. Yaron da ke tsallaka titi, ko ɗan acaɓa mara fitilar baya, ko tirelar siminti da ta lalace a gefen hanya, yaushe za ka hango su?

Masu cewa LED ya fi haske, mun ji. Amma madubin da ke cikin fitilar an ƙera shi ne daidai da ƙwan da ta zo da shi. Ka sa masa wani iri, hasken ba ya sauka a kwalta inda ake bukatarsa. Ka haɗa da murfi mai hazo, sai ya ƙara tarwatsewa sama da gefe, ya faɗa idon mai zuwa. Direban da ka makantar kuwa kai yake tunkarowa.

Gyaran ba ya bukatar gareji. Ka wanke fitilar da sabulu, ka manna salatef a kewayenta don kare fenti. Ka nemi samfefa ta ruwa wajen masu kayan fentin mota, lamba 800 da 1500 da 2500. Ka fara da 800 kana zuba ruwa kana gogawa ta fuska ɗaya har ruwan da ke zuba ya daina fitowa rawaya. Fitilar za ta yi fari fat kamar ta ƙara lalacewa, kada ka tsorata. Ka bi da 1500, sannan 2500, kana sauya fuskar gugar kowane karo. Ka shafa man folish da tsumma mai laushi har ta yi garau, ka goge maiƙon ta bushe. Mataki na ƙarshe shi ne wanda ake tsallakewa: a fesa mata ruwan kariya mai tare hasken rana, a inuwa inda babu ƙura. In ba a yi haka ba, 'yan watanni kaɗan rawayar za ta dawo. A gwajin AAA, irin wannan gyara ya dawo da kusan kashi 70 cikin 100 na hasken.

Masu yaɗa bidiyon makilin a WhatsApp, ku yi mana adalci. Man goge baki yana ɗan share sama-sama, amma ba ya mayar da kariyar da ta tafi. Fetur da tina kuwa cin robar suke yi. Idan fitilar ta tsage, ko ruwa na taruwa a cikinta, guga ba za ta yi magani ba, sai a like ta ko a canza. Bayan gyara, a tsayar da motar gaban bango da dare a duba saitin hasken, kada ya kalli sama.

'Yan uwanmu masu rewaya, idan mai mota ya zo neman ƙwai mai ƙarfi, ku fara duba masa murfin. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra da na VIO, muna roƙon a riƙa duba fitila kamar yadda ake duba takardu. Mu kuma a unguwa, maƙwabcin da ka ga fitilarsa ta koma ruwan manja, ka faɗa masa cikin mutunci tun kafin hazon hunturu ya sauko. Aikin yamma ɗaya ne, kuɗinsa bai kai na kwana ɗaya a asibiti ba.

Allah ya tsare mu da iyalanmu a kan hanya, amin.