Kare mai cizo, alhakin yana wuyan mai shi

Jama'a, kare yana da amfani a gidan manomi da makiyayi. Yana tsaron gida da garka, yana korar dila da ɓarawo daga garken awaki. Amma karen da ke cafkar ƙafar baƙo ko hannun yaro masifa ne ga gari. A ganinmu, alhakin wannan yana wuyan mai kare.

Halin cizo yana somawa tun kare yana kwikwiyo. Daga wata 3 zuwa wata 6 yana famfara, dasashinsa yana yi masa ƙaiƙayi, sai ya riƙa taunar duk abin da ya samu. Yara su miƙa masa yatsa suna dariya, shi kuwa ya ɗauka an yardar masa. Ranar da ya girma, wasa ya koma jini. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga yadda ake horonsa. In haƙorinsa ya taɓa jikin mutum, a ce masa "a'a" da babbar murya, a janye hannu, a juya masa baya, a daina wasan. Sannan a ba shi guntun igiya mai kauri ya tauna. Kowa a gida ya bi wannan doka, babba da yaro.

Wasu suna cewa sanda ce maganin kare. Ba mu yarda ba. Duka yana sa masa tsoro, kare mai tsoro kuwa ya fi saurin cizo. Mu hana ƴaƴanmu jifarsa da jan wutsiyarsa. Kada su kusance shi yana cin abinci, kada su taɓa karya mai shayarwa. In baƙo ya yi sallama, a ɗaure kare tukuna.

Abin da ya sa muka matsa shi ne ciwon haukan kare. Cutar tana cikin miyansa, ƙaramin rauni ya ishe ta shiga jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum wajen 59.000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya. Cikin mutum 10 da ta kashe, wajen 4 yara ne. In alamunta suka bayyana, babu magani.

Saboda haka mu kai kare wajen likitan bisashe tun yana wata 3, a yi masa allurar rigakafi, a riƙa sabunta ta. In ya ciji mutum, a wanke raunin da ruwa da sabulu har minti 15. Kada a sa toka ko ƙasa. A tafi gidan likita ran nan, kada a jira gobe. A tsare karen, a sanar da likitan bisashe.

Wanda ya ajiye kare ya ɗauki amanar maƙwabtansa. Mu riƙe ta da kyau.