A Kula da Masu Kula da Mu

Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a asibitin gwamnati ya san wanda ke riƙe da ɗakin marasa lafiya idan dare ya tsala. Nas ce guda ɗaya tak, tana zagaya gadaje, ta sauya ƙarin ruwa a nan, ta auna hawan jini a can. Idan aka ɗauke wuta, da fitilar wayarta take neman jijiyar yaro. In magani ya yanke, ita ke shan faɗan dangin majinyaci.

Shi ya sa ma'aikatan jinya suke ficewa daga ƙasar. Hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya ta ce sama da ma'aikatan jinya 15,000 ne suka bar ƙasar a 2023 kaɗai. A ƙarshen Yulin 2025 kuma ƙungiyarsu ta shiga yajin aikin gargaɗi kan alawus da ƙarancin ma'aikata.

Tsaurara ƙa'idojin fita waje ba zai tsayar da kowa ba. Gwamnatocin tarayya da na jihohi su ɗauki sababbin ma'aikata, su biya alawus ɗin aikin dare a kan lokaci, su wadata asibitoci da safar hannu, ruwa da wuta. Mu kuma jama'a, mu riƙa girmama su.