Mai Son Asuba Ya Gyara Darensa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Duk wanda ya halarci sallar Asuba a masallacin unguwarsu cikin wannan mako, sannan ya zo Juma'a yau, ba sai an ba shi labari ba. Yau har kan titi aka shimfiɗa tabarmi, amma da asuba sahu ɗaya ne ko biyu, mafi yawansu kuma dattawa. Matasan da suka cika unguwa da hira har ƙarfe 12 na dare, ko ƙeyarsu ba a gani. Malamai sun daɗe suna cewa raunin imani ne, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma akwai wani lissafi da muke tsallakewa, wanda idan ba mu yi shi ba, wa'azi zai yi ta shiga ta kunnen dama yana fita ta hagu.

Ga lissafin. A Kano da garuruwan da ke kewaye da ita, alfijir yana ketowa ne tsakanin ƙarfe 5 saura da 5 da rabi, gwargwadon lokacin shekara, Isha'i kuma ba ta wuce ƙarfe 8 da 'yan mintuna. A shekarar 2015 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka tare da ƙungiyar masu bincike kan barci sun yi ittifaƙi cewa baligi yana bukatar aƙalla awa 7 a kowane dare. To, wanda zai tashi ƙarfe 5 kuma yana son awa 7, ƙarfe nawa zai kwanta? Ƙarfe 10. Wanda ya kwanta ƙarfe 1 kuwa, ɗayan biyu ne: ko ya makara ya rasa jam'i, ko ya tashi da barcin awa 4 ya wuni yana layi. Lokacin tashin Musulmi an riga an yanke masa, ba shi da ikon matsar da shi. Abin da ke hannunsa shi ne lokacin kwanciya.

Yara kuma sun fi mu bukata. A 2016 ƙungiyar likitocin ta fitar da ma'auni: jariri ɗan wata 4 zuwa 12 yana bukatar awa 12 zuwa 16 har da barcin rana, ɗan shekara 1 zuwa 2, awa 11 zuwa 14, ɗan shekara 3 zuwa 5, awa 10 zuwa 13, ɗan shekara 6 zuwa 12, awa 9 zuwa 12, matashi ɗan 13 zuwa 18 kuma, awa 8 zuwa 10. Ke nan yaron firamare da za a tasa ƙarfe 5 da rabi, ya kamata a ce 8 da rabi ta yi masa a shimfiɗa. Gida nawa ake haka? Yaro ya je boko da safe, ya je Islamiyya da yamma, da dare a aike shi ko a bar shi gaban talabijin har 11, gobe ya yi gyangyaɗi a aji malam ya zane shi. Alhali laifin ba nasa ba ne, namu ne.

Ya 'yan'uwa, barci ba zaman banza ba ne. Allah Ta'ala ya ambace shi a Suratun Naba'i da Suratul Furƙan cikin ni'imomin da ya yi mana, kuma a Suratur Rum ya lissafa shi cikin ayoyinsa. Masana sun gano cewa barci yana tafiya ne zagaye-zagaye, kowane zagaye kimanin minti 90. Barci mai nauyi ya fi yawa a farkon dare, a nan ne jiki ke gyara kansa, kuma a nan ne sinadarin girma ya fi fita a jikin yara. A cikin barci ne kuma ƙwaƙwalwa ke zaunar da abin da aka karanta da rana. Ɗalibin da ya kwana yana tilawa ko yana shirin jarrabawa bai runtsa ba, kamar mai zuba ruwa ne a kwando. Bincike da dama kuma sun danganta ƙarancin barci na tsawon lokaci da hawan jini, ciwon sukari, ƙiba da saurin fushi.

Wani zai ce, "Ni na saba, awa 5 ta ishe ni." A 2003 masu bincike a Jami'ar Fensilbeniya ta Amurka sun buga sakamakon wani gwaji, inda aka taƙaita wa wasu mutane barci zuwa awa 6 kullum har kwana 14. A ƙarshe natsuwarsu ta yi ƙasa har ta kusanci ta wanda ya yi kwana ɗaya ko biyu bai yi barci ba sam. Abin tsoron shi ne su kansu ba su ji cewa abin ya kai haka ba. Wato mai bashin barci shi ne na ƙarshe da ke sanin ana binsa.

Wannan bashi kuma wani lokaci da rai ake biyansa. A 1997 wasu masana a Ostareliya sun nuna cewa wanda ya yi awa 17 a farke, hankalinsa kan yi rauni kamar na wanda ya sha giya har ya kai haddin da dokar ƙasashe da yawa ta hana tuƙi. Direban da ya tashi asuba, da ƙarfe 10 na dare ya cika awa 17. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, don haka gyangyaɗin daƙiƙa 4 kacal ya isa ta wuce tsawon filin ƙwallo babu mai riƙe da ita. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sha yin gargaɗi kan tafiyar dare. Babu Musulmin da zai yarda ya shiga motar mashayi, amma kullum muna shiga motar wanda bai yi barci ba, har muna yaba masa da cewa jarumi ne. Hausawa sun ce barci ɓarawo ne, ba ya sallama.

To, me ke cinye mana dare?

Na farko, wayar hannu. Allah ya sanya wa jiki agogo wanda haske da duhu ke saita shi. Masana uku da suka bayyana yadda wannan agogo ke aiki sun sami kyautar Nobel a 2017. Idan duhu ya yi, ƙwaƙwalwa kan saki wani sinadari mai suna melatonin da ke shirya jiki ga barci, haske kuma yana jinkirta shi. Amma abin da ke cikin wayar ya fi haskenta ɓarna. Mutum ya ce bari ya duba saƙo ɗaya a WhatsApp, sai ya faɗa TikTok, sai musu a Facebook, kafin ya ankara zakara ya kusa cara.

Na biyu, gidan kallo da majalisa. Manyan wasannin Turai na tsakiyar mako suna farawa ne ƙarfe 8 ko 9 na dare a agogonmu, a tashi 10 ko 11, sannan a koma teburin mai shayi a buɗe sabon babin gardama. Buhari ya ruwaito daga Abu Barza cewa Manzon Allah (SAW) ya kasance yana ƙin barci kafin Isha'i da kuma hira bayanta. Malamai sun togace neman ilimi, da zama da baƙo ko iyali, da abin da ke da maslaha. Kowa ya tambayi kansa, hirarsa ta dare a wane sahu take?

Na uku, abin da muke sha. Goro, shayi, Nescafé da lemukan ƙara kuzari duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin, wanda bayan kimanin awa 5 rabinsa yana nan a jini. Kofin da aka sha bayan Magariba yana nan yana aiki ƙarfe 12. Sannan idan barci ya ƙi zuwa, sai wasu su nufi kemis su sayi ƙwayar barci ba tare da likita ba, wanda ta nan ne da yawa suka faɗa shaye-shaye.

Na huɗu, abin da ya fi ƙarfin talaka: zafin bazara a ɗakin kwano babu wuta, sauro, ƙarar janareta, da tunanin abin da za a ɗora gobe. Ba za mu yi wa wanda ke cikin wannan hali gori ba. Amma gidan sauro yana hannunmu, kashe janareta idan dare ya raba yana hannun mai shi, kuma haƙƙin maƙwabci ne.

Na biyar, mu kanmu masu harkar addini. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Taron da aka sa ƙarfe 8 sai a fara 10, wa'azi ko biki da lasifika har ƙarfe 1, alhali a bayan katanga akwai mara lafiya, da mai jego, da leburan da zai fita da sassafe. Ina ribar wa'azin da zai sa masu sauraro su rasa Asuba? A tuna ƙissar Salmanul Farisi da Abud Darda'i: Salman ya hana ɗan'uwansa kwana yana salla, ya sa shi ya kwanta sai ƙarshen dare suka tashi tare, kuma da labari ya kai ga Annabi (SAW) sai ya gaskata Salman. Mai son ƙiyamul laili shi ya fi kowa bukatar kwanciya da wuri.

Kada kuma mu manta da iyayenmu mata. Uwa ce ta ƙarshen kwanciya, ita ce ta farkon tashi, tsakani kuma ga shayarwa. Maigidan da ya dawo ƙarfe 11 ya ce a ɗora masa tukunya, ya sani cewa daga barcin wani yake ci.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa maza da mata da mu ɗauki abubuwa kaɗan mu riƙe. A tsayar da lokacin kwanciya guda, kada ya wuce ƙarfe 10. A ajiye waya nesa da shimfiɗa tun kafin nan. A bar goro da shayi mai ƙarfi daga La'asar. A raya sunnar ƙailula, minti 20 zuwa 30 da rana sun wadatar, kada a kai ta yamma. Iyaye su kwantar da yara bayan Isha'i. Masu shirya taro su fara a kan lokaci, su tashi a kan lokaci, su rage lasifika. Direba idan ya ji ido ya yi nauyi ya faka ya kwanta, fasinjoji kuma su daina azalzalarsa. Wanda kuwa yake minshari mai ƙarfi, numfashinsa na ɗaukewa cikin barci, ya wuni yana gyangyaɗi, ko wanda ya yi watanni barci na ƙaurace masa, to ya ga likita, domin cuta ce kuma tana da magani.

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Haka ma Asuba, tun daga Isha'i ake gane ta. Mu gwada daga daren yau, mu ga sahu nawa za a yi gobe.

Allah ya sanya barcinmu ya zama hutu, tashinmu ya zama ibada. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.